Yadda za ka sa wasu shafuka su yi linki zuwa naka ba tare da kashe kuɗi ba

Kusan duk mai sabon shafi da na gani hanya ɗaya yake bi. Ya rubuta maƙala goma, ya jira wata biyu, Google bai turo masa kowa ba, sai wani ya raɗa masa cewa linki ne ba shi da su. Washegari sai ka same shi yana liƙa adireshin shafinsa a ƙarƙashin kowane rubutu na Facebook, ko kuma yana cigiyar inda ake sayar da linki dubu a farashin banza. Na farko ɓata lokaci ne, na biyu kuwa har da jawo wa kai masifa.

Ga dalili a taƙaice. Tun 1998 da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google, tsarinsu na PageRank yana ɗaukar linkin da wani shafi ya yi zuwa naka a matsayin shaida, wato wani ya tsaya maka. To, mutum ba ya zama shaidar kansa. Shi ya sa a 2005 aka fito da alamar nofollow, wadda mai shafi ke maƙala wa linki don ya ce wa injin bincike, "ban tsaya wa wannan ba." Yawancin wuraren da kowa ke iya sa linki da hannunsa, har da Wikipedia, da wannan alamar linkinsu ke fita. A 2019 Google ya ƙaro alamomi biyu, sponsored ta linkin talla da ugc ta linkin da masu ziyara suka sa, ya ce nofollow ta koma ishara maimakon umarni, amma kada ka gina komai a kan wannan. Linkin saye kuwa ya saɓa wa ƙa'idar Google kai tsaye, kuma tun Afrilun 2012 da aka saki Penguin, tsarin Google na kama linkin bogi, shafuka da dama suka faɗo daga sama saboda shi. Araha ba ta ado.

Mataki na farko: ka mallaki abin da za a yi wa linki

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ba wanda zai yi linki zuwa rubutunka mai taken "Amfanin wutar sola guda biyar", domin akwai irinsa ɗari. Abin da mutane ke yi wa linki shi ne abin da su kansu suke buƙata yayin da suke rubutu amma suna ƙyuyar yi: jadawali, lissafi, hoton da ka ɗauka da kanka, gwajin da ka yi ka rubuta sakamakonsa. Idan a kan sola kake rubutu, yi jadawalin da ke nuna awa nawa batiri zai riƙe kowace na'ura. Batirin 12V mai 200Ah yana da 2,400Wh, idan na dalma ne rabi kawai ya kamata a ja, wato 1,200Wh, fanka mai wat 60 ke nan za ta yi awa 20 kafin a cire abin da inbata ke ci. Jera irin wannan lissafin na na'urori ashirin a wuri ɗaya. Rubutu ɗaya irin wannan ya isa a fara da shi. Ni ba na barin kowa ya tura saƙon neman linki ko ɗaya kafin ya nuna mini nasa rubutun.

Mataki na biyu: nemo waɗanda za su iya buƙatarsa

Buɗe asusun Bing Webmaster Tools, kyauta ne. Mutane na raina Bing, amma sashensa na Backlinks yana ba ka damar ganin waɗanda suka yi linki zuwa shafukan abokan takararka, abin da manyan manhajoji ke karɓar kuɗi duk wata a kansa. Wanda ya yi linki zuwa rubutun abokin takararka ya riga ya nuna maka abu biyu: batun ya dame shi, kuma ba ya rowar linki.

Hanya ta biyu, wadda na fi so, ita ce farautar matattun linki. Shafuka na rufewa kullum, linkin da aka yi musu kuma ya zauna yana kai mai karatu ga kuskuren 404, wato sanarwar cewa babu shafin. Nemi rubuce-rubucen da ke jera shafuka masu amfani a fanninka, ka bi su da Check My Links, ƙaramar manhaja ce da ake ɗora wa Chrome, tana ja wa mataccen linki jan launi. Idan shafin babba ne, manhajar Screaming Frog ta kyauta tana duba adireshi har 500, kuma wannan ya wadatar da mai farawa. Da ka sami matacce, sa adireshinsa a Wayback Machine, ma'ajiyar tsoffin kwafin shafuka, ka ga abin da ke wurin a da. In ya yi daidai da abin da ka rubuta, ka yi kamu. In bai yi daidai ba, wuce, kada ka tilasta.

Rubuta kowanne a jadawali: shafin, ainihin rubutun, linkin da ya mutu, da wanda ya rubuta shi. Guda talatin masu kyau sun fi ɗari uku da ka kwaso ba ka karanta ba.

Mataki na uku: saƙon

Nan ne na faɗi, nan ne kuma nake ganin kowa na faɗuwa. Farkon da na fara, wasiƙa ɗaya na tsara, doguwa, cike da yabo: na daɗe ina bibiyar shafinku mai albarka, rubutunku ya burge ni, da sauransu. Na kwafa ta na watsa wa duk adireshin imel da na samu. Shiru. Mutum ɗaya ne ya amsa, shi ma tambayata ya yi wane rubutun nasa ne ya burge ni, ni kuwa ban karanta ko ɗaya ba. Daga ranar na gane cewa mai shafi yana karɓar irin wannan wasiƙar kullum, kuma daga layin farko yake gane ta.

Abin da ya gyara mini lamarin shi ne na daina zuwa a matsayin mai roƙo, na koma mai kawo gyara. Ga kusan yadda nake rubutawa yanzu:

"Barka da aiki. Ina karanta rubutunku a kan zaɓen batirin sola, sai na ga linkin da ke sakin layi na huɗu, wanda ke kai wa ga jadawalin awannin batiri, ya daina aiki. Na ga ya dace in sanar da ku. Ina da jadawali makamancinsa a nan, idan kun ga ya yi muku sai ku maye gurbin da shi. Na gode."

Lura da abin da ke ciki. Na ambaci ainihin rubutun da ainihin wurin da matsalar take, don mai shafin ya san mutum ne ya karanta, ba na'ura ba. Gyaran ne ya zo farko, nawa ya biyo baya. Na bar masa zaɓi. Babu tarihin rayuwata, babu yabo. Kuma kada ka kuskura ka gaya masa kalmomin da zai rubuta linkin da su. Masu farawa na son haka saboda sun ji cewa kalmomin linki na taimaka wa matsayin shafi a Google, amma idan linki ashirin suka zo da jimla iri ɗaya sak, alama ce ta cewa hannu ɗaya ne ya shirya su. Bar shi ya rubuta yadda ya ga dama.

Tura wa wanda ya rubuta maƙalar ko editan shafin, ba akwatin tallace-tallace ba, don can farashi kawai za su aiko maka. In kuwa wani ya ce sai ka biya, yi masa godiya ka wuce. Haka in ya ce ka yi masa linki shi ma ya yi maka: sau ɗaya ko biyu tsakanin shafukan da ke da alaƙa ba laifi, amma mayar da shi sana'a yana cikin abin da Google ya hana. Kan saƙon kuma ya zama gajere, kamar "Linki ya mutu a rubutunku na batiri". Tura da imel mai ɗauke da sunanka. Bayan mako guda ka tuna masa sau ɗaya, layi biyu, daga nan ka ƙyale shi. Mafi yawansu ba za su amsa ba ko da saƙonka ya yi kyau, don haka kada shirun ya sa ka koma wa watsa wasiƙa ɗaya ga kowa. Biyar a rana, kowanne da hannu, ita ce ƙa'idata.

Sauran hanyoyin

Sa sunan shafinka a Google Alerts, wanda ke sanar da kai idan an ambaci sunan a intanet. Idan wani ya ambace ka bai sa linki ba, roƙe shi ya sa, wannan ne mafi sauƙin samu. Hotunan da ka ɗauka da kanka ka riƙa neman su a TinEye ko Google Lens, masu nemo inda aka sa hoto, wanda ya ɗauka ba izini kada ka yi masa faɗa, ce masa ya rubuta inda ya samo da linki. Rubuta wa wani shafi maƙala kyauta da linki zuwa naka ma yana aiki, muddin shafin yana da masu karatu na gaske kuma a fanninka yake.

Linkin da ya shigo kuma kada ka bar ƙarfinsa ya tsaya a rubutu ɗaya: daga jadawalin nan ka yi linki zuwa sauran maƙalolinka da kake so su tashi. Duba sashen Links a Search Console, dandalin Google na masu shafi, sau ɗaya a wata, ba kullum ba, domin sabon linki kan ɗauki makonni kafin ya bayyana. Idan ka ga wasu baƙin shafukan banza sun yi maka linki ba ka nema ba, bar su, Google yakan yi watsi da irinsu da kansa. Kada ka taɓa disavow, wato hanyar ce wa Google ya yi watsi da wani linki, sai idan ka san ka taɓa sayen linki ko Google ya aiko maka da gargaɗi a Search Console.