Hangen Giewont ba hawansa ba ne: kurakuran da sababbin zuwa ke yi a duwatsun Tatra

Duk shekara da an ba da hutun bazara a birnin Krakow na ƙasar Polan sai wani ƙaninmu sabon zuwa ya turo mini saƙo: "Yaya, ran Asabar za mu Zakopane, ko akwai abin da ya kamata mu riƙe?" Kafin in amsa sun riga sun yanki tikitin motar ƙarfe tara na safe. Ran Lahadi kuma a kira ni da muryar mura ana ba ni labarin yadda ruwa ya yi musu dukan kawo wuƙa. Na gaji da maimaita magana ɗaya a waya, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Zakopane gari ne a gindin duwatsun Tatra, kimanin kilomita 100 kudu da Krakow, kuma iyakar Polan da Sulobakiya ta bi ta kan tsaunukan. Kana tsaye a titin Krupówki, inda 'yan tsaraba suke, kana hango dutsen Giewont da gicciyen ƙarfen da ke kansa kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Wannan hangen shi ke yaudarar mutanenmu. Wanda ya taɓa hawa Dala ko Kufena da silifa sai ya ce ai dutse dutse ne. To, Giewont mita 1894 ne, daga Kuźnice kuwa, unguwar Zakopane da ake fara hawan daga gare ta, tafiyar awa uku ce ga mai ƙarfi, ban da dawowa.

Babban kuskure, wanda ni kaina ya karya ni, shi ne fita a makare. A watan Yuli da Agusta safiya takan yi garau, rana ta gasa kwaruruka, da azahar sai hadari ya haɗo a kan tsaunuka cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Mutanen wurin sun san haka, don haka lokacin da kake shan shayi a masauki su sun kai rabin hanya, lokacin da kake fara hawa su saukowa suke yi. Ni ban sani ba. Shekarata ta farko mu uku muka taso daga Krakow da hantsi, cunkoson hanyar da suke kira Zakopianka ya cinye mana fiye da awa uku, muka tsaya cin abinci da ɗaukar hoto, ba mu bar Kuźnice ba sai da rana ta take. A Hala Kondratowa, wani filin ciyawa a kan hanyar, wata dattijuwa mai sanda biyu da ke saukowa ta tsaya ta dube mu, ta nuna sama, ta ce "burza", wato hadari. Muka yi mata murmushi muka wuce. Har na ce wa abokina tsofaffin nan akwai tsoro.

Ƙarshen hawan Giewont da sarƙa ake yinsa, a kan farin dutsen da ƙafafun mutane suka goge shi har ya yi santsi kamar sabulu. Muna cikin layi a wurin sarƙar iska ta juya, wuri ya yi duhu, gashin hannuna ya mimmiƙe, na ji ƙarfen yana wani zuu kamar an taɓa amyar zuma. Sai tsawa ta farko. Kowa ya ruɗe, na saki sarƙa na juya da gudu a kan jiƙaƙƙen dutse da kambas mai sulɓin ƙasa, ban yi taku goma ba na zame na dafa da hannun dama. Wuyan hannun ya karye. Mako shida yana cikin siminti, aikin hutun da na samu a wani sito, wanda da shi nake sa ran biyan kuɗin ɗaki, ya bi ruwa. Kuma ni na ci sa'a. Ranar 22 ga Agusta, 2019 aradu ta faɗa a kan wannan ƙololuwar, ta bi sarƙar da mutane ke riƙe da ita, mutum huɗu suka rasu, biyu daga cikinsu yara, fiye da ɗari suka jikkata. Gicciyen nan mai tsawon mita 15 tun 1901 yake tsaye, ƙarfe ne zalla a wuri mafi tsayi. Sai ka ga ƙato ya jingina da shi yana ɗaukar bidiyo alhali baƙin hadari na bayansa. Haba malam! Wa kake so ya kai wa Hajiya wannan labarin?

Abin da nake yi yanzu: ba na tasowa daga Krakow ranar hawa. Ina kwana a Zakopane, in yi sallar asuba, wadda a bazarar can da wuri ƙwarai take shiga tunda a tsakiyar bazarar rana kan fito kafin ƙarfe biyar, in saɓa jaka in fita. Dokata ita ce sha biyun rana ta same ni ina saukowa, ko na kai ƙololuwa ko ban kai ba. Abokaina na cewa na cika tsanani, su ba su taɓa cin tuwo da hagu mako shida ba. Idan kuma hadari ya rutsa da kai, ka bar kan tsauni ka yi ƙasa, ka saki sarƙa, kada ku cure wuri guda, ka tsuguna a kan jakarka ƙafafu a haɗe. Ka ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa, kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce.

Takalmi kuwa, ka sayi mai kaushin ƙasa wanda ya kama idon sawu, ko na gwanjo ne, ka ɗan yi yawo da shi a gari tukuna. Wandon jins idan ya jiƙe ba ya bushewa. Ka sa rigar ruwa da rigar sanyi a jaka ko da gari ya yi zafi, domin kowace mita 100 da ka hau zafi na raguwa da fiye da rabin digiri, ga iska. Masu hawa motar igiya zuwa Kasprowy Wierch, mita 1987, su suka fi shan wannan: cikin minti ashirin an ɗauke ka daga zafi an ajiye ka inda haƙora ke karo, kai kuma da 'yar shara.

Kuskure na biyu da ya ci mini kuɗi shi ne launin turba. Ana shafa wa duwatsu da itatuwa fenti, ja ko shuɗi ko kore ko rawaya ko baƙi, tsakanin fararen layi biyu. Na ɗauka kamar filin wasan zamiyar ƙanƙara ne, inda baƙi ke nufin wuya. Sam ba haka ba ne. Launi a nan shaida ce kawai don kada ka ɓata, baƙi ma yawanci gajeriyar hanyar haɗi ce. Wata rana muna kwarin tafkuna biyar, Dolina Pięciu Stawów, za mu tsallaka zuwa tafkin Morskie Oko. Ga shuɗiyar turba ta Świstówka, tafiyar kamar awa biyu. Ni da iyayina na ce rawaya ta fi kama da mai sauƙi. Ashe rawayar ta Szpiglasowa Przełęcz ce, mashigi mai tsayin mita 2110, da sarƙoƙinsa da komai, lokacinta ya ninka na waccan. Allo ya rubuta lokacin ƙarara, ban karanta ba, launi na kalla. Mun iso bakin tafki rana na faɗuwa, gwiwoyi na rawa, sannan muka tuna akwai sauran kilomita tara na kwalta zuwa Palenica Białczańska inda ake shiga mota. Tocila babu, wayoyi biyu sun mutu. Muka tarar ƙananan motocin haya sun tashi, kuɗin tasi ya lashe abin da na ware na cefanen mako. Abin dariyar shi ne gangaren da muka biyo ana kiransa Ceprostrada, daga "ceper", sunan da 'yan tsaunin suke kiran baƙo ɗan kwari wanda bai san dutse ba. Mun cancanci sunan.

Don haka ka karanta awannin da ke allo, ka ƙara rabinsu a kai idan ba ka saba ba, ka haɗa da na dawowa. Tocilar goshi da fawa bank ba sa barin jakata. Kuma kada in ji wanda ya zo jiya yana maganar Orla Perć, turbar da ta fi kowace haɗari a Tatra ta Polan, ko Rysy, mita 2499, don kawai shi ne mafi tsayi a ƙasar. Ka fara da kwarin Kościeliska ko Rusinowa Polana, ka ga yadda numfashinka zai yi.

Maganar iyaka. Kana kan Rysy ko Kasprowy, taku biyu ka shiga Sulobakiya ba tare da ka ga shinge ba. A ɓangaren Polan masu ceto na TOPR, da aka kafa a 1909, ba sa karɓar kuɗi, lambarsu 985 ko 601 100 300, ka adana ta yanzu. A ɓangaren Sulobakiya kai za ka biya kuɗin ceto, in da jirgi mai saukar ungulu aka ɗauko ka kuwa sai dai Allah ya rufa asiri. Inshorar kwana ɗaya ko biyu ba ta kai kuɗin abincin rana ba, ka saya. Mu da ba 'yan Tarayyar Turai ba, fasfo da katin zama su kasance a jiki. Can yuro ake kashewa, nan zuloti. Manyan turbobinsu kuma a rufe suke daga 1 ga Nuwamba har bazara ta kama.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata rana. Wurin ajiye mota a Palenica da tikitin motar igiya a intanet ake kama su tun kafin ranar. Tsaunukan gandun daji ne na gwamnati, ana biyan kuɗin shiga, ba a wanka a tafki, ba a kauce wa turba, ba a jefa wa dabba abinci, kuma akwai beyar da gaske. Idan aka ce iskar halny na tafe, wannan mai ɗumi da ke tumɓuke itatuwa, ka zauna a gari. Da hunturu rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ko kwaltar Morskie Oko sai da ƙananan ƙusoshin da ake ɗaura wa takalmi, raczki. Sama da nan kuwa ba wurinka ba ne tukuna: a Janairun 2003 zaftarewar dusar ƙanƙara ta kashe mutum takwas daga ayarin wata makarantar sakandare a hanyar Rysy.

Abinci ma ana yin kuskure. Miyar kwaśnica ta kabeji mai tsami sau da yawa da haƙarƙarin alade ake yinta, pierogi, ƙullin fulawa da ake cusa wa dankali da cuku, kuma akan barbaɗa musu soyayyen kitsensa. Ka riƙe kalmar wieprzowina, naman alade ke nan, ka ce "bez skwarek", wato ban da soyayyen kitsen, kafin a zuba. Yanzu da Larabawa suka yawaita a Zakopane ana samun wuraren halal a kusa da Krupówki. A kan dutse ni dabino da gyaɗa da filas na shayi nake riƙewa, in na isa schronisko, masaukin masu hawa dutse, in ƙara da wainar tuffa. Cukun oscypek na ainihi da nonon tumaki ake yinsa, daga Mayu zuwa Satumba, mai tsini biyu kamar mazari. Wanda ake tura maka a watan Fabrairu yawanci na saniya ne. Yana da daɗi a gashe, amma kada ka biya kuɗin na tumaki.

Idan ka zo da iyali ko da dattijo, kada ka ja su Giewont don ka cika baki. Ka kai su duwatsun Pieniny, gabas kaɗan, su hau kwale-kwalen katako a kogin Dunajec daga Sromowce zuwa Szczawnica, kilomita 18, awa biyu da 'yan mintuna, dutsen Trzy Korony na kallonsu, wani gefen kogin Polan wani Sulobakiya. Can na kai kawuna da ya zo ziyara, ya zauna da babbar rigarsa da carbinsa, matuƙin na tura gora. Abin da kawai ya dame shi shi ne ruwan da ya fantsamar masa a hula.