Yadda ake amfani da haruffa masu kama da rubutun hannu a tambari da allon talla

Tambarin Coca-Cola da na Ford duk da rubutun hannu aka yi su, shi ya sa masu shaguna ke nuna wa mai zane su ce irinsa suke so. Abin lura shi ne suna kaɗai aka rubuta da wannan salo. Kalma ɗaya zuwa uku ta isa. Lambar waya, adireshi, farashi da lambar NAFDAC a kan kwali, a bar su cikin haruffa miƙaƙƙu irin Noto Sans, domin mai wucewa a babur ba ya da lokacin warware lanƙwasa.

Kafin ka zaɓi zubin haruffa (font, wato salon rubutu a kwamfuta), gwada shi da ɓ, ɗ, ƙ da manyansu, har da ƴ idan aikin na Nijar ne. Galibin irin waɗannan haruffa don harsunan Turai aka zana su, ba su da masu ƙugiya. Idan babu, kwamfuta za ta aro harafin daga wani zubi, sai ka ga ƙ ta tsaya ƙiƙam a tsakiyar kalma, kaurinta daban, ba ta haɗe da maƙwabtanta. Wasu sukan cire ƙugiyar su huta, kuma nan ne ɓarnar take: “manyan baƙi” a katin biki ya koma “manyan baki”. Gyaran shi ne ka rubuta k, ka mayar da rubutun zane (Ctrl+Q a manhajar zane ta CorelDRAW), ka kwafi lanƙwasar saman f ta wannan zubin ka ɗora mata. Da haka kaurin layin zai zo ɗaya.

Kada ka buɗe tazara tsakanin haruffa. An zana wutsiyar kowane harafi ne ta taɓa na gaba, da ka ƙara tazara sai mahaɗar ta tsinke. Kada kuma ka rubuta kalma duka da manyan baƙaƙe, don an yi su ne su buɗe kalma, idan suka jeru ba sa karantuwa.

Kaurin layi ya dace da inda aikin zai sauka. A cikin zubin haruffa, Great Vibes siririya ce, ta katin ɗaurin aure da kwalin turare. Pacifico da Lobster masu kauri ne, suna jure allon shago da leda. A takarda kada girman rubutu ya sauka ƙasa da maki 14 (14 pt), musamman farin rubutu a kan launi mai duhu, inda tawada ke malala ta cinye siraran layuka. A ɗinkin inji kan hula ko riga, harafin da bai kai milimita 6 ba zare yakan toshe cikinsa.

Idan sitika za a yanka, yi amfani da umarnin Weld ka narkar da haruffan su zama jiki ɗaya, in ba haka ba wuƙar injin za ta yanka kowace mahaɗa.

Duba lasisin zubin haruffan. Na shafin Google Fonts an yarda a yi kasuwanci da su, amma da yawa daga na shafin dafont don amfanin kai kaɗai aka sake su. Kafin ka tura wa maɗaba'a, buga samfuri a ainihin girmansa, ka ba wanda bai san sunan ba ya karanta daga nisan taku biyar.