Yadda na gyara bangon falo da fenti ke ta ɓarewa

Shekara biyu fentin bangon falonmu yana kumbura yana ɓarewa daga ƙasa, ga wani farin gari kamar kanwa da ke fitowa. Sau biyu na sake fenti, kuɗin suka tafi a banza. Na zargi bututun banɗaki, mai gyaran famfo ya fasa tayil uku, bai ga ko ɗigo ba.

Ranar da aka tafka ruwa a watan Agusta na ɗauki lema na zaga bayan ɗakin. Ashe indararo a gindin bangon yake zuba, ƙasar wurin kuma ta gangaro wajen ginin, ruwa ya kwanta yana shiga bulo.

Na sa aka haɗa wa indararon bututun roba mai inci 4 har kwata. Birkila ya zuba daɓen siminti mai faɗin ƙafa 2 a jikin bangon ta waje, da ɗan gangara. Ta ciki muka sassaƙe tsohon filasta har tsayin mita 1, na bar bulon a buɗe sai da hunturu ya busar da shi. Gaggawar rufewa ce ta sha kayar da ni a baya. Sabon filasta: siminti kwano 1, yashi kwano 3, da garin hana ruwa yadda aka rubuta a ledarsa. Bayan mako 4 aka shafa fentin farko, sannan shafi biyu na launi.

Damina ta sake zuwa ta wuce, bango ƙalau. Alhamdulillahi, Allah ya saka wa birkilan nan da alheri.