Yadda Ake Gano Dalilan Faɗuwar Ƙungiyar Besbol a Kakar Wasa

Idan ƙungiyar besbol da aka sa wa rai ta ƙare kaka cikin rashin nasara, magoya baya sukan yi gaggawar ɗora laifi a kan koci, alhali kakar da ke da wasanni 162 ba ta lalacewa saboda mutum ɗaya. Ƙungiyar New York Mets ta Amurka misali ce da ta dace a yi aiki da ita, domin ta ci wasa 101 a shekarar 2022, sannan a kakar 2023 mai ita Steve Cohen ya kashe kuɗin albashin da ba a taɓa kashe irinsa ba a tarihin wasan zuwa lokacin, amma a 2023 ta ci 75 kacal, ta sha kashi a 87.

Ka fara da kwatanta makin da ƙungiyar ta ci da wanda aka ci ta a tsawon kakar. Manazarcin alƙaluman besbol, Bill James, ya nuna cewa wannan kwatanci yana bayyana yawan nasarar da ta cancanci ƙungiya. A 2023 Mets ta ci maki 717, an ci ta 729, wanda a wannan lissafi ya yi daidai da nasara kusan 80. Ke nan rashin sa'a ya rage mata wasanni kaɗan, amma ko da sa'ar ta zo, ƙungiya ce tsaka-tsaki. Ka gwada wannan da San Diego Padres a shekarar, wadda makinta ya zarce na abokan karawarta da fiye da 100, amma ta sha kashi a 23 daga cikin wasanni 32 da tazarar maki ɗaya ta raba. Irin wannan ƙungiya ba ta bukatar rushewa, kuma wanda bai bambance matsalolin biyu ba zai ba da maganin da bai dace ba.

Daga nan ka raba kakar wata-wata. A watan Yuni Mets ta ci wasa 7 ta faɗi 19, kuma a nan ne kakar ta kuɓuce mata.

Mataki mafi muhimmanci a ganina shi ne bibiyar raunuka, kuma ba ƙirga waɗanda suka ji ciwo kawai ake nufi ba, sai an duba wanda ya maye gurbin kowane ɗayansu da giɓin da shi ma ya bari. Edwin Díaz, mai jifan da ke rufe wa Mets wasa a zagayen ƙarshe, ya ji rauni a gwiwa a watan Maris yayin murnar nasarar Puerto Rico a gasar duniya, bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar. David Robertson, wanda aka ɗauko domin ya share masa hanya, ya koma matsayinsa kuma ya yi abin yabo, sai dai hakan ya tilasta wa kowane mai jifa na canji hawa matakin da ya fi nasa, aka bar zagayen tsakiyar wasa a hannun marasa ƙwari. José Quintana, ɗaya daga cikin masu jifan da ke fara wasa, shi ma bai fara jifa ba sai a watan Yuli.

Sannan ka duba shekarun 'yan wasan da aka gina buri a kansu. Cikin manyan masu jifan Mets, Justin Verlander yana da shekara 40, Max Scherzer kuma 38 a farkon kakar, kowannensu yana karɓar fiye da dala miliyan 43 a shekara. Verlander bai fara wasa ba sai a watan Mayu saboda rauni, Scherzer kuma an dakatar da shi wasanni 10 a watan Afrilu kan abu mai danƙo da alƙalan wasa suka ce sun samu a hannunsa. Wannan kasada ce da mahukuntan ƙungiyar suka ɗauka tun kafin a fara kaka, saboda haka a kansu ya kamata a rubuta ta. Haka nan ka tambayi kanka ko bajintar bara mai ɗorewa ce: Jeff McNeil ya fi kowa yawan bugu mai kyau a 2022 da kashi 32.6 cikin ɗari, ya sauko zuwa kashi 27 a 2023.

Wajibi ne ka ware wasannin da aka buga bayan mahukunta sun fid da rai. Zuwa 1 ga Agusta an miƙa Scherzer ga Texas Rangers, Verlander ga Houston Astros, Robertson ga Miami Marlins, a madadin matasan 'yan wasa, don haka sakamakon watanni biyun ƙarshe ba shaida ba ce a kan ƙungiyar da aka fara kakar da ita.

Sai bayan duk wannan ne ya dace a auna koci, ta hanyar duba abin da ke hannunsa, wato jerin masu bugu da lokacin canza mai jifa. An sallami kocin Mets, Buck Showalter, a ƙarshen kakar 2023, alhali shi ne aka zaɓa gwarzon koci na rukuninsu a 2022, kuma yawancin abubuwan da suka sauya tsakanin shekarun biyu ba shi ne ya yanke shawararsu ba.