Yadda zaka zaga Badagry a wuni ɗaya ka fahimci tarihinta

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu mazauna Legas, na Agege ne ko Idi-Araba ko Alaba Rago, Badagry a wajensu hanya ce kawai ta zuwa bodar Seme, ko kuma inda ake zuwa yawon sallah a sha ruwan kwakwa a bakin teku a ɗau hoto a dawo. Nima haka na ɗauketa shekara da shekaru, sai ranar da na shiga tsohon garin da ƙafata na zaga, wallahi tun daga ranar nake jin haushin duk wanda yaje ya dawo bai ga komai ba sai yashi. Shi yasa nace bari in rubuta yadda ake zuwan, don garin nan akwai tarihinmu a ciki fiye da yadda muke zato.

Abu na farko sammako. Kana idar da sallar asuba ka kama hanya, ka hau mota a Mile 2 ko Iyana-Iba, zaku bi ta Okokomaiko da Agbara har shataletalen Badagry, in ka bari rana ta ɗaga cunkoso zai cinye maka rabin wunin. Ka riƙe katin ɗan ƙasa a aljihu saboda hanyar boda ce akwai shingayen jami'ai, ka riƙe tsabar kuɗi ƙananan canji domin kusan kowane waje da kuɗin shigarsa daban, ga mai kwale-kwale ga mai maka jagora. Takalmi mara nauyi, hula, gorar ruwa. Daga shataletale ka ce ma mai acaɓa ko mai keke ya kaika Marina, nan ne titin bakin ruwa kuma kusan duk abinda kazo gani yana jere kusa da juna.

Ka ɗauki ɗan jagora ɗan gari, amma ku yi ciniki tun kafin ku ɗaga ƙafa, kuma ka gaya masa ba sauri kake ba. Shawarata ka fara da gidan tarihi na gwamnati wanda yake cikin tsohon ofishin Di'o, ginin 1863 ne, shekarar da turawan Ingila suka haɗe garin da mulkinsu na Legas. A nan zaka samu labarin a jere daga farko, sai sauran wuraren su zo maka da sauƙin ganewa. Daga nan ka leƙa gidan kayan tarihi na zuri'ar Mobee inda suke ajiye da sarƙoƙi da mari na ainihi. In an miƙo maka sarƙar wuya ka karɓa ka ɗaga da hannunka. Ni da hannu biyu na ɗaga ta, ƙarfe ne baƙi mai sanyi duk yayi tsatsa, na kasa cewa komai na ɗan lokaci, ina tunanin mutum da wannan a wuya kuma an ɗaure shi da na gabansa da na bayansa.

Inda nake so ka fi daɗewa shine gidan Seriki Williams Abass, wanda ake kira Barakun, wato kurkukun tara bayi kafin jirgi yazo. Ka lura da sunan ma, Seriki ai Sarki ne namu na Hausa da ya shiga bakin Yarabawa, don mutumin ya riƙe sarautar Sarkin Musulmin Badagry, ya rasu a 1919 kuma kabarinsa na cikin gidan. Labarinsa mai nauyi ne, shi kansa tun yana yaro aka kama shi aka sayar, Abass da Williams ɗin duk sunan iyayen gidansa ne, daga baya shima ya shiga wannan mugun fataucin. Ɗakuna 40 ne a gidan, masu jagora zasu ce maka kowane ɗaki mutum 40 ake cusawa, to ka shiga ɗaya daga cikin waɗanda aka bari don baƙi ka tsaya ka duba 'yar tagar da ke can sama, ɗakin ko shagon mai shayi ya fishi faɗi. Har yau jikokinsa na zaune a cikin gidan, zaka ga shanya da yara na wasa a tsakar gida, don haka kayi sallama kamar yadda zaka shiga gidan kowa, kar ka ɗaga waya kan matan gida ba izini.

Kuma kar ka tsaya kana kallon abin kamar labarin wasu ne can. Cikin bayin da aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa, Badagry da Legas da Porto-Novo da Wida, akwai Hausawa da yawa musamman a farkon ƙarni na 19, aka kaisu Bahiya a ƙasar Burazil. Can suka yi ta yunƙurin tawaye tun 1807, sannan a 1835 bayi musulmi suka yi babban boren da ake kira na Male a birnin Salvador, aka samu layu da rubutun Larabci a jikinsu. Wani ɗan Kano ko Katsina ko Zazzau da aka sayar hannu zuwa hannu, mai yiwuwa irin wannan ɗakin ne masaukinsa na ƙarshe a ƙasarmu.

Akwai wata alaƙar kuma da 'yan makaranta zasu tuna. Daga Badagry ne Baturen nan Clapperton ya taso a Disambar 1825 ya nufi arewa har Kano har Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can ya mutu a 1827. Mai masa hidima Richard Lander ya dawo Badagry, aka zarge shi da leƙen asiri aka bashi guba ya sha a matsayin rantsuwa, ya tsira. Ka ce ma jagoranka ya kaika Vlekete, tsohuwar kasuwar bayi, a can suke bada wannan labarin.

Benen nan da ake kira bene na farko a Najeriya shima yana Marina, 'yan mishan suka gama shi a 1845, ka shiga ka hau matakalar katako ka ga tsohon Baibul na Yarabanci da ake dangantawa da Ajayi Crowther, limamin cocin nan Bayarabe. Mu da muka san soraye da benayen ƙasa na Kano mun san an daɗe ana hawa sama kafin nan, amma a irin ginin turawa shine na farkon. Kusa kuma akwai alamar inda bishiyar Agia take, inda aka fara wa'azin Kiristanci a 1842, bishiyar ta faɗi a 1959. Minti kaɗan sun isheka a nan.

Bayan azahar, masallatai na nan cikin gari ba wahala, sai ka sauka bakin ruwa ka shiga kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu. Kar ka yarda ka shiga ba rigar kariya ko da mai jirgin yace kusa ne. In kun tsallaka za'a maka tayin babur, in kana da lafiya kace a'a ka taka da ƙafa, domin wannan ita ce hanyar da bayin suka bi, yashi ne ƙafa na nutsewa rana na dukan ka. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya da ake cewa ana tilasta musu shan ruwanta don su manta gida. Ƙarshen hanyar shine Point of No Return, wato inda in an kai mutum ba dawowa, sai teku kawai a gabanka tana ta tumbatsa. Kayi musu addu'a. Kuma kar ka shiga wanka, igiyar ruwan wajen tana da ƙarfi sosai.

Mutanen garin yawanci Ogu ne, waɗanda ake ce ma Egun, da Yarabawa, sarkinsu ana kiransa Akran, tsohon garin kuma unguwanni 8 ne kowace da mai sarautarta. Masunta ne da manoman kwakwa. In ka ci karo da Zangbeto, dodon nan mai rufin ciyawa da suke ɗauka a matsayin mai gadin dare, ka ba da hanya kawai kar kayi dariya kar ka ɗau hoto sai an yarda, kai baƙo ne. In kuma kayi sa'a ana biki zaka ga gangar Sato wadda ta fi mutum tsawo, mutane da yawa ke zagaye ta suna tsalle suna duka.

Kafin ka juya ka biya kasuwar Agbalata ka sayi kwakwa da man kwakwa da busasshen kifi na tsaraba, kuɗinka ya shiga hannun matan garin. Kayi la'asar a can ka kama hanya tun da sauran rana, don in magariba ta same ka a Agbara sai dare ya raba kafin ka ga gida.