Yadda Za Ka Kula da Ƙodarka a Zafin Katsina

Ƙoda biyu ne a jikin mutum, ta baya a ƙarƙashin haƙarƙari, kuma kullum suna tace ruwan jini kimanin lita 180, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, sai lita ɗaya zuwa biyu kawai ke gangarawa mafitsara ta zama fitsari. A watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, gumi yakan kwashe ruwan da ƙoda ke buƙata, don haka ka sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama ka.

Ka riƙa duba launin fitsarinka da rana. Idan ya yi duhu kamar ruwan shayi, jikinka na neman ruwa. Idan kuwa aka ga jini a ƙarshen fitsarin yaron da ke wanka a kududdufi, kada a ɗauka alamar balaga ce, domin sau da yawa tsargiya ce, kuma tana da magani a asibiti.

Abin da ya fi damuna shi ne shan maganin ciwon jiki irin diclofenac kullum ba da izinin likita ba, alhali yana raunana ƙoda a hankali. Mai hawan jini ko ciwon suga kuma ya nemi gwajin ƙoda ko da sau ɗaya a shekara.