Kurakuran buɗe wasan ches da ke cinye 'yan kulob a Jos

Duk wanda ya taɓa zama gefen allo a gasar kulob-kulob a nan Jos ya san wasanni da yawa tun a motsi goma na farko ake gama su, sauran lokacin jan rai ne kawai.

Babbar cutar ita ce hadda ba fahimta. Yaro zai haddace motsi goma sha biyar na buɗin Sisiliyan (wata hanyar fara wasa da baƙaƙe) daga YouTube, abokin karawa ya kauce hanya a motsi na huɗu, sai ka gan shi ya zabga tagumi, agogo na cin lokacinsa. Gara ka riƙe buɗi ɗaya da farare, biyu da baƙaƙe (amsar e4 da amsar d4, wato in fari ya fara da tura sojan gaban sarki ko na gaban sarauniya), ka san dalilin kowane motsi. In an kauce maka, koma ga tushe: kama tsakiya, fito da dawaki da bishof, ka ɓoye sarki a lungu.

Sai gidan f7 na ɓangaren baƙaƙe, wanda a farkon wasa sarki kaɗai ke gadinsa. A buɗin Italiya, in kana riƙe da baƙaƙe (a rubutun ches N doki ne, B bishof, x kuma ci), bayan 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Nf6 4.Ng5 d5 5.exd5, hannu yakan yi saurin cin sojan da doki, 5...Nxd5. Nan ne fari zai sadaukar da dokinsa a f7, ya jawo sarkinka tsakar fili, ka sha wuya kafin ka tsira. Abin da aka saba bugawa shi ne 5...Na5, ka kori bishof ɗin. Ka yi asarar soja ɗaya, amma kayanka za su riga nasa fitowa. Na ga manya da furfura sun faɗa wannan rami, ba yara kaɗai ba.

Fito da sarauniya h5 a motsi na biyu kuwa, dabarar cin sabon shiga ce. Ɗan kulob zai amsa da Nc6, in bishof ya zo c4 ya tare da g6, daga nan ya yi ta korarta yana jera kayansa.

Kuma a gasa babu "yi haƙuri, bari in mayar". A dokar FIDE, hukumar ches ta duniya, abin da ka taɓa da gangan shi za ka motsa, muddin yana da wurin zuwa. Sanyin safiya ma ya ba ka dalili: bar hannunka cikin aljihun rigar sanyi sai ka gama lissafi.